A ba samari filin tseren babur



Yau magana mai ɗaci na zo da ita. Na san wasu dattawa ba za su ji daɗinta ba. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku ce na yi wauta.

Bayan girbin bara aka yi biki a unguwarmu. Da la'asar aka ɗauko amarya. Motoci uku a gaba, babura sun fi ashirin a baya. Kun san yadda ake yi. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki hannu, wani ya kwanta bisa babur yana tafiya. Mata na ta guɗa. Da aka hau kwalta sai biyu daga cikinsu suka ja tsere. A kwanar kasuwa amalanken jaki ya ɓullo. Na gaban ya kauce. Na bayan ya taka birki, babur ya zame da shi, kansa ya bugi iccen dogonyaro da ke bakin hanya. Ba ya da hular kwano. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunsa 16. Ɗan maƙwabcina ne, yana koyon ɗinki.

Wajen zaman makoki kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce a hana yara hawan babur kwata-kwata. Wani ya ce jandarma su kama su, a ci iyayensu tara. Wani ya ce bulala ce ta yi ƙaranci a gidaje. Duk aka ce haka ne. Mako biyu bayan nan aka yi wani biki. Abokan mamacin ne a gaba, suna ɗaga taya kamar ba a yi kome ba.

Ga maganata. Tseren babur ya riga ya shigo garuruwanmu. Ana yin shi kowane mako, a tsakiyar mutane, babu alƙali, babu doka, babu likita. Ni na ce a fid da shi daga kan hanyar jama'a, a kai shi wuri killatacce. A shirya ma samari gasa ta gaskiya, mai doka, mai arha, wadda ɗan talaka zai iya shiga.

Hani mun gwada shi

Masu cewa a hana, ina tambayarku: shekara nawa ke nan muna hanawa? Liman ya yi huɗuba. Maigari ya sa an yi shela. An kama babura, an biya tara, an sake su. Mi ya sake? In an tsare hanyar cikin gari, sai su koma bayan gari da dare, inda babu fitila, babu mai ɗaukar wanda ya faɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙidaya. A rahotonta na 2023 ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce a cikin masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa a duniya. Ta kuma ce hular kwano ta kirki, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. To, ku dubi hanyar garinku gobe da safe. Samari nawa za ku gani da hular kwano? Faɗan da muke yi bai sa ko mutum guda ya sa ta ba.

Dattijo, ka tuna ƙuruciyarka. Ba ka yi sukuwa da dokin babanka ba? Ba ka yi tsere da jaki a hanyar rijiya ba? Jinin da ya tafasa a jikinka shi ne ke tafasa a jikin jikanka. Kai doki ka samu, shi babur ya samu. Amma doki yana da filin sukuwa. Yana da ranarsa, yana da masu tsare jama'a kada a take su. Babur ne kawai muka bari ba fili, ba rana.

Abin da kokowa ta koya mana

Da can kokowa ta ƙauye ce. Bayan girbi ake yin ta a dandali, wani lokaci ta ƙare da sanda tsakanin gari da gari. A 1975 aka shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Aka sa doka, aka sa alƙali, aka gina filaye. Yau jahohi 8 ke kawo ƴan kokowa goma-goma, ƙasa duka na saurare a rediyo. Ɗan manomi ya ka da mutum, shugabanni su miƙe tsaye su ba shi hannu.

Babu wanda ya ce a hana kokowa don ana karya hannu a cikinta. Gyara ta aka yi. Domi abin da aka yi ma kokowa ba za a yi ma babur ba?

Wata ƙasa ta gwada

Kada ku ce mafarki nake yi. Akwai wata ƙasa can gabas mai nisa, sunanta Maleshiya. Yawancin mutanenta musulmi ne, alhazanmu suna gamuwa da su a Makka. Su ma ƙaramin babur ne dokin talakansu, irin mai lamba 110 ko 125 da muke gani a kasuwanninmu. Su ma samarinsu na tsere bisa hanya da dare, har suna da sunan da suke kiran irin waɗannan yara da shi.

A 1994 suka buɗe wata gasa mai suna Cub Prix. Da ƙananan baburan nan na zuwa kasuwa ake yin ta. Ba su tsaya jiran gina babban fili ba. Sai a rufe wasu hanyoyi na cikin gari, ko farfajiyar filin wasa, a kewaye da shinge, a yi tsere, a buɗe hanya bayan an gama. Gasar tana yawo daga jaha zuwa jaha cikin shekara, kamar yadda takobi ke yawo a wurinmu. Akwai rukunin manya, akwai na ƴan koyo. Kamfanin mai na ƙasarsu, Petronas, shi ne babban mai ɗaukar nauyi.

Mi ya fito daga ciki? Wani yaro, Hafizh Syahrin, ya shiga gasar a 2007 yana da shekara 13. A 2018 ya kai MotoGP, wato gasar babur mafi girma a duniya. Shi ne ɗan Maleshiya na farko da ya yi shekara yana tsere a wannan matsayi. Wani kuma, Khairul Idham Pawi, shi ma daga nan ya taso. A 2016, yana da shekara 17, ya zo na ɗaya a tseren duniya na ƙananan injuna a ƙasar Ajantina.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai masu tseren dare a hanyoyin Maleshiya. Gasar ba ta share su duka ba. Amma ta buɗe ƙofa. Yaron da ke ji da kansa yana da inda zai je ya nuna, da hula a kansa, likita na tsaye kusa. Namu fa, ina za shi?

Kada masu kuɗi su ƙwace ta

Yanzu na juyo ga wasu mutane dabam. Su ba su ce a hana ba. Cewa suke a yi, amma a yi irin ta Turai: a sayo manyan babura daga waje, a gina fili na miliyoyi, a gayyato baƙi. Waɗannan sun fi masu hani ba ni tsoro.

Mun taɓa ganin tseren masu kuɗi. A farkon 1979 tseren Paris-Dakar na farko ya ratsa ƙasarmu, ya bi ta Agadas da Yamai. Shekara da shekaru suna wucewa. Mu namu kallo da shan ƙura. Ɗan wa aka koya ma tsere a ciki? Kuma da yake bisa hanyar jama'a suke gudu, sun sha take mutane. A 2006 kaɗai sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Daga 2009 suka kwashe kayansu suka koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya.

Ko a Turai tsada ta dami masu wannan wasa. Shi ya sa a 2021 ƙungiyar tseren babur ta duniya ta buɗe gasar yara masu shekara 10 zuwa 14, kowa da ƙaramin babur iri ɗaya, a ƙananan filaye. Su a wurinsu arha ke nan. Amma kuɗin babur ɗin guda ya haura miliyan 2 na sefa. Manomi nawa ke ganin miliyan 2 a shekara? In muka kwaikwayi wannan, ɗiyan alhazan birni goma za su yi ta zagaya fili, ɗiyan talakawa dubu kuma suna nan bisa kwalta suna mutuwa.

A tseren babur, in ba a sa doka ba, aljihu ne ke cin gasa. Mai kuɗi zai kai babur ɗinsa gareji, a faɗaɗa cikin inji, a sa sababbin tayu kowane mako. Ɗan talaka ya fi shi iya tuƙi, amma ƙurarsa kawai zai sha. Sau biyu, sau uku, sai ya yi zuciya ya koma hanya. Don haka arha ita ce gindin maganar. In babu ita, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokokin da za su sa ta yi arha

Na ɗaya: babur iri ɗaya ga kowa. A zaɓi ƙarami, mai lamba 110, wanda ake saidawa a kasuwar garin, wanda kowane makaniki ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma na nan a rumfa.

Na biyu: ba a taɓa inji. Alƙalai su ɗaure shi da waya su buga hatimi. Wanda ya zo na ɗaya, a buɗe injinsa a gaban jama'a. In an ga ƙari, an kore shi.

Na uku: baburan su zama na ƙungiya. Guda goma sun isa a fara. Ranar tsere da safe a jefa ƙuri'a, kowa ya hau wanda ya faɗo masa. Ta haka yaron da ubansa ba ya da ko keke zai iya shiga. Wannan ba sabon abu ba ne. A gasar samarin Asiya da aka fara a 2014, masu shirya gasar ne ke ba kowane yaro babur, duka iri ɗaya.

Na huɗu: tsere gajere. Fili kada ya wuce kilomita ɗaya, a zagaya sau goma. Litar mai ɗaya ta isa. A auna ma kowa daidai daga tulu guda.

Na biyar: kuɗin shiga kada ya wuce jika ɗaya.

Na shida: kyauta kada ta zama kuɗi mai yawa. A ba da hular kwano, ko akwatin kayan gyara, ko kuɗin koyon sana'a. Kuma babu caca a bakin fili. Inda babban kuɗi da caca suka shiga, maguɗi na biye da su.

Dokokin da za su tsare rai

Ina za a yi? Kwalta muna da ita. Bukukuwan 18 ga Disamba sun bar ma garuruwa hanyoyi masu faɗi: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Magajin gari ya ba da izini a rufe yanki guda ranar Lahadi da safe, awa uku. Ko a yi a farfajiyar filin wasa. A zaɓi wurin da babu icce, babu turken lantarki, babu rami a gefe. A jera tsofaffin tayu da buhunan ƙaiƙayi a kowace kwana. Ƴan kallo su tsaya bayan igiya, nesa da inda babur zai nufa in ya zame. Ko akuya kada ta shiga.

Ba a tashi tsere sai ma'aikacin lafiya da motar ɗaukar majinyata suna wurin. In ba su zo ba, a fasa, ko da gari duka ya taru.

Kowane yaro da hular kwano ta gaske, mai maɗauri, ba irin ta roba mai fashewa kamar ƙwarya ba. Da takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu. Rigar fata da matarin gwiwa kuwa, dukawanmu na Damagaram da Maraɗi sun iya aikin kirgi. A nuna musu samfuri su ɗinka. Su ma sun samu ciniki.

A fara daga shekara 14, da yardar iyaye a gaban shaidu. A raba su rukuni-rukuni bisa shekaru. Kafin yaro ya yi tseren farko, sai ya yi makonni yana koyon birki, da shan kwana, da ma'anar tutar alƙali. Wanda aka gane ya sha tramol ko wata ƙwaya, an sallame shi.

Ga kuma babbar doka, wadda saboda ita nake wannan rubutu. Duk wanda aka gani yana tsere ko ɗaga taya bisa hanyar jama'a, ko ranar biki ce, ko yana yawo babu hular kwano, an hana shi gasa shekara guda. Yaro ba ya tsoron tara, don ubansa ke biya. Amma a ce abokansa na fili ana kiran sunansu a lasifika, shi yana bayan igiya, wannan zai ji ta har ƙashinsa.

Amsa ga masu shakka

Wani zai ce: a filin ma ai ana mutuwa. Gaskiya ne. A 2021 samari uku suka mutu a tseren Turai, masu shekara 14, 15 da 19. Dukansu faɗuwa suka yi, na baya ya bi ta kansu. Bayan haka aka rage yawan masu tashi tare, kuma daga 2023 sai mai shekara 18 ke shiga gasar duniya, da can 16 ne. Amma ku lura, da aka yi rashin sai aka zauna aka gyara doka. Ɗan maƙwabcina da ya mutu, wace doka aka gyara? Kuma baburansu na gudu kamar iska, namu ƙanana ne, a fili mai yawan kwana inda ba a samun sakin wuta. Kada a tashi fiye da goma a lokaci guda. Ban ce babu haɗari ba. Na ce ya fi na kwanar kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce: muna fama da tsadar hatsi, kai kana zancen wasa. To, ku tambayi wanda ɗansa ya karye a cinya nawa ya kashe. Wani sai ya sai da bijimin huɗa. Wani ya jinginar da gona. Yaro ya yi damina guda kwance, babu mai kama ma uban noma. Babura goma na ƙungiya ba su kai asarar da gari guda ke yi a shekara ba. Kuma yaron da ya koyi tuƙi na ƙwarai, gobe shi ne ɗan kabu-kabun da zai ɗauki matarka zuwa awo.

Wani zai ce: babur ya yi baƙin suna, da shi ɓarayi da ƴan bindiga ke yawo. Haka ne. Shi ya sa aka hana hawansa a jahar Difa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a 2020. Inda babu kwanciyar hankali, kada a fara. Amma inda lafiya take, yaron da aka rubuta sunansa, aka san ubansa, aka san maigidansa na sana'a, kowace Lahadi yana gaban alƙalai, ya fi wanda ba a san inda yake kwana ba.

Wa zai biya?

Masu cin ribar babur su ne na farko. Ɗan kasuwar da ke sai da babura ɗari a shekara, ya ba da guda ɗaya, a rubuta sunan kantinsa a jiki. Masu gidajen mai su ba da mai. Masu faci su kawo tsofaffin tayu. Makanikai su zama masu duba inji. Manoma su kawo ƙaiƙayi. A zamanin Kunce samariya ta gina azuzuwa da gayya. Jera tayu a bakin hanya bai kai wannan wuya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma a yi hattara da asusu. A zaɓi mutum biyar: dattijo guda, uwa guda, makaniki, malamin makaranta, da wakilin samari. Bayan kowane tsere a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a gaban kowa. Ɗan shugaban ƙungiya ma ya ja ƙuri'a kamar ɗan kowa. Ranar da aka fara zaɓa ma ɗan wane babur mai kyau, ranar gasar ta mutu.

Ƴan'uwa, ba sai mun jira Yamai ba. Gari guda ya fara. In ta yi kyau, na kusa zai kwaikwaya, har a kai ga gari da gari, jaha da jaha. Ku kai maganar nan wurin maigari da magajin gari. Ku karanta ma waɗanda ba su samu karantawa ba. Ku kira samarin nan masu ɗaga taya, ku zauna da su, ku ji ta bakinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maƙwabcina har yau bai gyara babur ɗin ba. Yana nan jingine a zaure, fitilar a fashe. Kaka na tafe, bukukuwa na tafe. Mu yi wani abu kafin a sake shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar wani.

Allah ya tsare mana ɗiyanmu, ya sa mu gane. Amin.